Motar da Aka Rufe wa Baki

Masu riƙon labari sun ce a wani birni mai duwatsu an yi wani Alhaji Lawandi, shugaban ƙungiyar masu son gudun mota. Wani kamfani zai fito da sabuwar mota mai ƙofa huɗu, irin mai cin hanya, sai ya kira 'yan ƙungiyar su faɗi abin da suke so a gyara. Suka ce a ƙara wa inji ƙarfi, aka ƙara. Suka ce salansa ta riƙa rugugi, aka yi. Sai suka ce a cire ƙararrawar nan mai damun mutum in bai ɗaura bel ba, da jajayen fitilun gargaɗi na gaban direba. A nan injiniyoyi suka ƙi. Ɗan Lawandi tilo kuwa, Muntari, shi aka zaɓa ya fara tuƙa ta ranar buɗewa.

Lawandi ya fito daga kamfanin a fusace, ya ɗauki hanyar bayan gari a motarsa. Da ya kai wata muguwar kwana ya tsaya, ya fito yana shurin taya yana faɗa shi kaɗai: "Mota ce ko uwata, da za ta riƙa yi mini tsawa? Wallahi sai sun cire, ko mu ɓata musu kasuwa!"

Sai ya ji an ce, "Tir da wannan baki."

Ya waiga, ya ga wata tsohuwar ungulu a kan ƙwarangwal ɗin wata mota a gefen rami. Ya ce, "Iya, da ni kike?"

Ta ce, "Da wa kuma? Ashe ba ka ji labarin Jafaru da mai gyaran waya ba."

Ya ce, "Ina na ji?"

Ungulu ta gyara tsayuwa ta ce: Jafaru saurayi ne mai kuɗi da rawar kai. Ya sayi mota mai gudu, ya kai ta wurin Malam Ishaya mai gyaran wayar mota, ya ce, "Baba, yanke mini wayar ƙararrawar nan da ta jar fitila. Ina cikin jin daɗin gudu sai su ɓata mini rai." Ishaya ya ajiye filaya ya ce, "Ɗana, kana so ka zama Ɗan'azumi mai haƙar rijiya ke nan." Jafaru ya ce, "Shi kuma wane ne?"

Ishaya ya ce: Ɗan'azumi gwani ne, babu mai saurinsa a ƙasarsu. Al'adar masu sana'ar, sukan shiga rijiya da fitilar a-ci-balbal. In wutar ta fara lumshewa, sun san iskar ƙasa ta lalace, sai su girgiza igiya a jawo su. Wannan abu ya ishi Ɗan'azumi. Ya ce, "Kullum ina tsakar aiki fitilar banza ta kore ni!" Ya je kasuwa ya sayo tocila mai batir, yana nuna wa abokai yana cewa ya samo wadda ba ta mutuwa. Gaskiya ya faɗa. Ranar da suka jawo gawarsa, tocilar na ɗaure a goshinsa tana haske fes.

Ishaya ya ce, "To ka ji. Abin da ke ba ka haushin nan shi kaɗai ne ke gaya maka gaskiya. Ba da hannuna ba."

Ungulu ta ce: Jafaru ya yi dariya, ya ce tsufa ne, ya tsallaka shago na gaba aka yanke masa. Bayan ɗan lokaci man birki ya fara yoyo. Motar ta sani sarai, amma da wane baki za ta faɗa? Ya shigo kwanar nan yana tashi sama, ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa.

Ungulu ta daki ƙarfen da take kai da baki. "Ga motar nan. Uwarsa ta zo nan ta yi birgima a ƙasa, ina kallo. Ni kuke kira ƙazama, ni kuke jifa! To ni ban taɓa kashe ɗan kowa ba. Ku ne kuke kawo mini su, da hannunku, kuna tafi kuna shewa. Na ji ana cewa wani yaro Muntari zai gwada sabuwar mota ta hanyar nan. Ɗan wane ne?"

Lawandi ya matsa kusa. Ya dubi ramin, ya dubi ƙarfen da ya lanƙwashe ta wajen kujerar direba. Tsoro ya kama shi, kunya kuma ta fi tsoron.

Can ya ce, "Nawa ne, Iya. Shi ke nan gare ni."

Ta ce, "To sai ka zaɓa, ko ƙararrawa ta yi masa kuka, ko kai ka yi."

Nan take ya kira babban injiniya a waya ya ce, "Ku bar ta yadda take. In da hali ma ku ƙara mata murya, ku ƙara girman birki. 'Yan ƙungiya ni zan ji da su."

Ya shiga motarsa. A ramin bel akwai wani guntun ƙarfe da ya daɗe da cusawa don ya rufe mata baki. Ya zare shi ya wurga cikin ramin nan na gefen hanya. Motar ta fara kuka, ya zauna yana saurarenta, sannan ya jawo bel ya ɗaura.