Irin Gyaɗar da Aka Ce a Jira

Akwai wani manomi da aka sani da kyakkyawan irin gyaɗa. Kowace shekara, in shuka ta kusa, maƙwabta sukan zo ƙofar gidansa da ƙorai, ya ɗibar musu. Saboda haka ana ganin girmansa, har ana maganar naɗa shi dattijon ikilisiya.

Wata shekara ruwan bazara ya sami rumbunsa da yoyo, gyaɗar ta jiƙe. Ya shanya ta a bayan gida, inda ba mai gani, ta bushe kamar ba abin da ya same ta. Ya raba wa mutane yadda ya saba. Bayan an yi shuka zuciyarsa ta ƙi kwanciya, sai ya je gonarsa ya tona, ya tarar ƙwayar ta ruɓe a ƙasa.

A lokacin nan ɗansa yana gida hutu. Ya gama shekararsa ta fari a jami'a, inda yake koyon hulɗa da jama'a, wato aikin magana da mutane da yawun ma'aikata ko wani babba. Uban ya kira shi gefe ya nuna masa ruɓaɓɓen irin.

Ɗan ya ce, "Baba, a faɗa musu yau. Abu na fari da aka koya mana ke nan, in ɓarna daga wurinka take, a fara jinta daga bakinka. Da sauran lokaci su sāke shuka."

Uban ya ce, "Wannan ai ko yaran makarantar Lahadi sun sani. Don shi na tura ka birni? Na zaci an koya maka yadda ake tsare sunan mutum."

Amma ba abu ɗaya ɗan ya koyo a shekarar ba. A aji an koya masa faɗin gaskiya da wuri. A waje kuwa ya saurari masu magana da yawun manya, ya gane wata irin magana wadda ba a kama ta da ƙarya, ba ta kuma gaya wa kowa kome. Ya lura su ake tafa wa. Ya gwada a taron ɗalibai, ya ga ya iya.

Sai ya sa rigarsa mai kyau, ya bi gida gida yana cewa, "Irin bana ya ɗan bambanta da na bara. Muna sa ido a kansa ƙwarai. Kada kowa ya yi gaggawa." Cikin kalmomin nan ba ko ɗaya da za a ce ƙarya ce.

Akwai wata gwauruwa mai gona ɗaya tak da yara ƙanana. Ta tare shi a ƙofa ta ce, "Filibus, ɗana, ni ban yi boko ba, ka gaya mini a fili. In tone in sa gero, ko in jira?"

Ya ce, "Inna, Baba ya taɓa ba ki mugun iri?"

Ta yi dariya ta ce, "Kai, bakin nan naka kamar rediyo! To, na jira."

Ta jira. Ruwa ya yi ta sauka, gonakin wasu suka yi kore, tata ciyawa kaɗai. Sa'ad da ta tona da hannunta, lokacin shukar gero ya riga ya wuce.

Ta zo gidan manomin da baƙar ƙwaya a tafin hannu. Ta wuce uban ba ta dube shi ba, ta zuba a ƙafar ɗan, ta ce, "Ubanka ruwa ne ya cuce shi, wannan yakan sami kowa. Kai kuwa na tambaye ka ido da ido. Ranar da ka zo ina da sauran gero da zan iya shukawa. Ka ce kada a yi gaggawa, sai na daka wa yara."

Ya ce, "Inna, ai ban ce miki zai tsiro ba."

Ta ce, "Na sani, ba ka ce ba. Shi ya sa na zo wurinka. Ka koya mini abin da zan gaya wa yaran nan da rani, yadda ba za su gane yunwa suke ji ba."

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙarya ba a cikin kalma kaɗai take ba. Wanda ya shirya maganarsa don mai jinsa ya gaskata abin da ba haka ba ne, ya yi ƙarya, ko da kowace kalma za ta ci jarrabawa. Allah ba ya auna kalmominmu ɗaya ɗaya kamar malamin aji. Yana duban abin da muka bari a zuciyar wanda ya amince da mu.

Ku matasan da kuka dawo hutu, ilimin bai yi laifi ba. Yaron nan ya san abin da yake daidai, shi ya fara faɗinsa. Gori ɗaya daga bakin ubansa ya ishe shi ya ajiye gaskiyar. In shekara ɗaya ta koya muku iya magana, ku tambayi kanku wa kuke so ya tafa muku, wa kuma zai kwana da yunwa bayan an gama tafin.

Amma fushina ya fi yawa a kanmu iyaye da dattawa. Mukan tura yara neman sani, in sun dawo da gaskiya mu ce ba ita muka aike su ba. In abu ya ɓaci a gida ko a ikilisiya, ba ma fara tambaya wa aka cuta. Sai mu nemi mai iya baki, mu ce kada suna ya ɓaci. Muna kiran wannan hikima. Ba hikima ba ce, tsoro ne.

Faɗin gaskiya yana da lokacinsa, kamar shuka. In akwai wanda yake jira bisa ga maganarka, kai kuwa ka san ba abin da zai tsiro, kada ka tsaya gaisuwa bayan sujada. Ka tafi gidansa tun ƙasa tana da laima.