Ranar da Balbela Ta Sauke Ƙafarta

An yi wata Balbela, fara sol, mai yawan kunya, wadda duk abin da ya same ta daga baya bai sa ta manta ranar da ta fara ganin Zalɓe ba.

Bayan kaka ne, ruwa ya janye daga bakin Tafkin Bado, tsuntsaye sun share fili suna langa. Zalɓe dogo ne siriri, idan ya ɗage ƙafa ɗaya ya shiga fili sai ka ce an kafa turke. Ran nan duk wanda ya kara da shi sai da ya sha ƙasa. Da aka tashi, bai nufi makaɗan da ke yi masa kirari ba. Sai ya ratso taro ya tsaya gaban Balbela, ya sa dogon bakinsa a hankali ya cire wata ƙarangiya da ta maƙale a fiffikenta. Ko gashi ɗaya bai tsinke ba.

Balbela ta koma gida tana jin wurin yana yi mata ɗumi. Kafin damina ta zagayo an ɗaura musu aure.

Ashe bakin da ya cire ƙarangiya ya fi ƙarangiya tsini. Ranar da aka kayar da Zalɓe a fili, a kanta yake hucewa. Tafi-tafi har ranar da ya yi nasara ma ba ya rasa dalili, ko kifi ya yi kaɗan, ko ta daɗe wajen gaisawa da maƙwabta. Balbela ta koyi lura da wuyansa. In ya janye shi baya ya lanƙwasa kamar lauje, to sara na tafe.

Wata rana saran ya sauka a ƙafarta ta hagu, ƙashi ya karye. Da ta ga Zalɓe ya fita, ta tashi sama, ba ta sauka ko'ina ba sai Fadamar Gawo, gidan Agwagwa, aminiyar mahaifiyarta.

Agwagwa tsohuwa ce mai baki, magana ba ta kwana a cikinta. Ta yi wa Balbela ɗori tana faɗa, ta ce gobe-goben nan za ta fasa ƙwai kowa ya ji wari. Balbela ta yi ta roƙonta da kuka har Agwagwa ta yi alkawarin yin shiru.

"Ni kika sa wa takunkumi, 'yar nan," in ji Agwagwa. "In cikina ya fashe, alhakina na wuyanki."

Ƙafa ta warke, amma a karkace. Saboda haka kullum Balbela takan naɗe ta cikin gashin cikinta, ta tsaya da ɗaya. In za ta je wani wuri sai ta tashi sama, don kada a ga ɗingishi.

To, mutanen Fadamar Gawo ba su da zance sai langa. Ga yadda suke yin ta. Kowane ɗan wasa zai ɗage ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, wanda ya sauke ta ko ya faɗi ya fita. Kowace ƙungiya tana da ɗan wasa guda da ake kira ruwa, shi ake so ya kai gaci, sauran kuwa aikinsu su kare shi daga abokan karawa. In ruwa ya faɗi, wasa ya ƙare.

A gari irin wannan, duk wanda ya ga Balbela tsaye da ƙafa ɗaya sai ya yaba. Iyaye har nuna ta suke yi wa 'ya'yansu, su ce ku dubi matar gwani, ko a wajen kiwo ba ta sauke ƙafa. Balbela takan sunkuyar da kai, su kuma su ɗauka kunya ce.

Shugaban ƙungiyar garin shi ne Gauraka, mai tukku ruwan zinariya, wanda ba ya wuce kududdufi bai leƙa kansa ba. Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya. Shekara da shekaru 'yan Tsibirin Kainuwa ke riƙe da kambun langa, kullum su ke lallasa Fadamar Gawo.

Ana nan sai labari ya zo cewa ƙungiyar Tafkin Bado ta sallami Zalɓe ba tare da ta faɗi dalili ba. Gauraka ya tara jama'a a gindin gawo, ya ce arziki ya zo har gida. Zai ɗauko Zalɓe, a gina masa sheƙa kusa da gidan Agwagwa, in an ci kambu a haɗa shi da matarsa a yi biki biyu.

Balbela ta juya ta dubi Agwagwa.

Agwagwa ta taso tana rangaji. "Sarkin Langa, ranka ya daɗe, tunda kake ka taɓa ganin an zubar da tuwo mai kyau? Ka aika a tambayi dalilin da ya sa suka sake shi mana."

"Na ji raɗe-raɗin," in ji Gauraka. "Wai yana taɓa iyalinsa. Zargi ne, Iya. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Mu ƙafarsa muke so, ba halinsa ba."

"Ai tare suke tafiya. Ko a gida zai riƙa ajiye halin in zai shiga fili?"

"Kina da shaida?"

Agwagwa ta buɗe baki ta rufe, ta kumbura kamar za ta fashe.

"To kin gani," in ji Gauraka yana gyara tukku. "Ga matarsa can. Tun da ta zo garin nan a kan ƙafa ɗaya take, don begen mijinta. Wadda ake duka ce za ta yi haka?"

Aka yi dariya, aka juya ana kallon Balbela. Maganar ta taso mata har maƙogwaro. Sai ta tuna ƙarangiyar nan, ta tuna yadda za a riƙa nuna ta ana cewa ga wadda ta tona asirin mijinta. Ta ƙara cusa ƙafar cikin gashi.

Zalɓe ya iso da fara'a, yana gaida manya har ƙasa. Da ya hango Balbela ya nufo ta a gaban kowa, ya sa baki yana gyara mata gashin fiffike, mata suna ta guɗa. Babu wanda ya ga yadda ya matse fatar, babu wanda ya ji abin da ya raɗa mata.

"Ki ci gaba da ɗage ta."

Ranar karawa fili ya cika maƙil. Tsohon Burtu ne alƙalin wasa. Ruwan Fadamar Gawo kuwa Fakara ne, gajere mai zafin nama. Aka sa Zalɓe a gabansa yana share hanya, Gauraka kuma ya zaɓi ya tsaya a bayan Fakara, inda 'yan kallo za su fi ganin tukkunsa.

Gaskiya Zalɓe ya iya langa. Ya bangaje wannan, ya kauce wa wancan, 'yan Tsibiri suna ta zubewa kamar ɗanyar kaba. Makaɗa suka ɗauki sunansa. Gaci ya matso, kambu ya kusa zuwa hannu.

Sai Fakara, garin sauri, ya yi karo da ƙafar da Zalɓe ke tsaye a kai. Zalɓe ya yi tangal-tangal yana ta bubbuga fikafikai kamar kazar da ta faɗa ruwa. Bai faɗi ba, amma 'yan kallo suka fashe da dariya.

Kowa na dariya, Balbela kuwa wuyansa take kallo. Ta ga ya janye baya, ya lanƙwasa kamar lauje.

"Fakara, kwanta!"

Ita kanta ba ta san tana da murya irin wannan ba. Fakara ya zube ƙasa warwas. Saran ya wuce ta samansa ya sami Gauraka a ka, gashin tukku ya watse a iska kamar ƙaiƙayi.

Burtu ya ɗaga fiffike ya ce ruwa ya faɗi, kambu ya sake komawa Tsibirin Kainuwa.

Maimakon a yi kan Zalɓe, sai jama'a suka yi caa a kan Balbela, wai ihunta ne ya kayar da ruwa. Zalɓe ya ce santsi ne ya kwashe shi. Gauraka, yana dafe da kai, ya ce zafin wasa ne kawai, a bar maganar, shekara mai zuwa za a rama.

Burtu bai bi ta kansu ba. Ya tako a hankali har gaban Balbela.

"'Yata, mu duka muna kallo, babu wanda ya ga saran nan sai da ya sauka. Ke yaya aka yi kika gan shi tun bai taso ba?"

Balbela ta dubi Zalɓe, ta ga idonsa a kan cikinta, inda ƙafar take ɓoye. Ta dubi Fakara da ke karkaɗe ƙura, ta tuna cewa da ta yi shiru yau kamar yadda ta yi a gindin gawo, da yanzu ba shi da ido ɗaya.

Sai ta zaro ƙafar daga cikin gashi, ta sauke ta ƙasa.

Karkatacciya ce, da ƙulli a tsakiya inda ƙashi ya haɗu ba daidai ba. Balbela ta taka ta, ta ratsa filin nan tana ɗingishi, kowa yana gani.

"Ba langa nake yi ba, Baba," ta ce. "Ban taɓa yin langa ba."

Agwagwa ta saki wani dogon numfashi. "Alhamdu lillahi. Saura ƙiris in mutu da magana a ciki." Daga nan ta kwance bakin jaka, ta faɗi yadda yarinyar ta iso mata da yadda ta yi ɗorin.

Burtu ya ce ba a yanke hukunci da jin bakin ɓangare ɗaya, ya juya ya tambayi Zalɓe abin da zai ce.

"Matata ce," in ji Zalɓe. "Abin da ya faru a ɗakina ba na fili ba ne."

"To, ka amsa ke nan," in ji Burtu.

Dinya, shugabar 'yan Tsibiri, ta matso da kambu a wuyanta. Ta ce ai wurinsu Zalɓe ya fara zuwa, kuma su ma sun yi kwaɗayinsa. Amma sai suka aika Tafkin Bado aka tambayi maƙwabtansa, abin da suka ji ya sa suka ba shi haƙuri.

"Tambaya ba ta da nisa, Sarkin Langa," ta ce. "Kai ne ba ka so ka ji amsar ba."

Fakara ya ce shi dai ba zai ƙara zama ruwa a bayan Zalɓe ba. Sauran 'yan wasa suka ce su ma haka. Gauraka ya shafa kansa, ya ji 'yan tsirarun gashi tsaitsaye kamar tsohuwar tsintsiya, da ƙaramar murya ya ce ƙungiya ta sallami Zalɓe.

Burtu ya tambayi Balbela abin da take so game da aurenta. Ta ce ba za ta koma ba. Dattawa suka tsaya mata a kan haka, suka ce wa Zalɓe hanya ta ishe shi. Ya tashi sama shi kaɗai, babu makaɗin da ya raka shi.

Gauraka ya zo gaban Balbela yana kame-kame, ya ce ta yafe masa, bai sani ba.

"Ba ka tambaya ba dai," in ji Agwagwa. "Ƙafar yarinya ta karye ka ce zargi ne. Da ba a taɓa tukkunka ba, da yanzu kana neman masu guɗar biki. Zo in shafa maka man kaɗanya, ko Allah zai sa ya tsiro."

Har Gauraka sai da ya yi murmushin yaƙe. Tun daga ranar Fadamar Gawo ta kafa doka, ba a ɗaukar ɗan wasa sai an ji yadda yake zaune da mutanen gidansa.

Da taro ya watse, Balbela ba ta tashi sama ba. Da ƙafa ta taka zuwa bakin ruwa, tana ɗingishi, Agwagwa na biye da ita. Ta tsoma ƙafafunta biyu a cikin laka mai sanyi. Rabon da ta hagun ta ji sanyin laka har ta manta. Ta ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinta, kamar an sauke mata tulu.

Garin ratso ciyawa wata ƙarangiya ta maƙale mata a fiffike. Ta tsaya tana kallonta na ɗan lokaci. Sannan ta juya wuya ta cire ta da bakinta, ta jefa a ruwa. Ashe abin ba wuya.

"Gwaggo," ta ce, da murya sarai, "na yi miki alkawari, na yi wa kaina. Ba zan ƙara naɗe ƙafata don in rufa wa wanda ya karya ta asiri ba. Kuma duk wadda na gani tsaye da ƙafa ɗaya a garin nan, sai na je na tambaye ta lafiya."

Darasin da wannan labari ya bar mana shi ne, gwaninta ba ta wanke mugun hali, kuma wanda bai tausaya wa na gidansa ba, ba shi za a ba amanar kare wani a fili ba. Gaskiya ne zargi ba hukunci ba ne, amma ba dalilin toshe kunne ba ne. Idan aka ce wani yana cutar da iyalinsa, a bincika, a ji ta bakin kowa, kafin a sa masa rigar ƙungiya ana yi masa kirari. Kada kwaɗayin kambu ya sa mu jira sai saran ya iso kanmu. Kuma idan kun ga wani ya yi shiru ya tsaya da ƙafa ɗaya, kada ku yi saurin tafa masa. Ku fara tambayar abin da ya sami ɗayar.