Robar da Aka Ɗaura a Jikin Darbejiya

Akwai wani ɗan kokawa a unguwarmu, nan Gujranwala, sunansa Shafqat. Wata safiya yana juya abokin karawarsa, jijiyar kafaɗarsa ta dama ta tsage kaɗan.

Likita ya ce wata uku ba kokawa, ba ɗaga nauyi sama da kai. Maigidan filin kokawar, Ustad Riyasat, ya ɗaura masa robar tayar keke a jikin darbejiya. Ya ce ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ya riƙa ja a hankali, in ya ji suka ya tsaya.

Haka Shafqat ya koma gindin bishiya shi kaɗai. Ga 'yan uwansa 'yan kokawa can cikin jar ƙasar filin, suna shafa wa juna mai, suna dariya. In an tashi kowa buɗu-buɗu, shi kaɗai ke tafiya gida jikinsa fes.

"Gwarzo, yau tsuntsu nawa ka harbo da dankon naka?" in ji Naveed, abokinsa.

Ya yi murmushi, amma abin yana cinsa.

A mako na biyar ciwo ya ɗauke. Ya ce wa Ustad ya warke. Tsohon ya girgiza kai. "Ɗana, shiru jijiyar ta yi, ba warkewa ta yi ba. Koma ga robarka."

Ranar da Ustad ya tafi jana'iza, Naveed ya sake tsokanarsa. Shafqat ya saki robar, ya ɗauki babban kulkin katako da ake juyawa ta bayan kai. Juyi ɗaya, biyu. A na uku kulkin ya faɗi, hannun ya biyo shi.

An yi masa aiki, amma bai sake shiga jar ƙasar kokawa ba.

Ni da na dawo gida bayan shekara shida ba na gari, zama ya gagare ni, kullum ina yawo. A bakin filin na sami Shafqat kan benci. Masu shiga suna gaishe shi da ladabi, har Naveed, kansa a ƙasa.

Shafqat ya ce mini, "Ɗan uwa, yanzu ba mai tsokanata. Wallahi shi ya fi kafaɗar ciwo."

Darasi: Ɗaukewar ciwo ba warkewa ba ce. Gara kaɗaicin wata uku da na sauran rayuwa. Bi umarnin likita, ko ana maka dariya. Tura wa ɗan uwanka mai gaggawar komawa fili.