Gwauruwa da Garken Taurari

Akwai wata mace da ta rasa mijinta da barcinta a shekara ɗaya. Abin da ta samu shi ne gida a kan dutse da bakin iya ciniki. Matan zumunta sun ce ta sauko cikin gari, ta ce ita ba abar tausayi ba ce. Amma tsoron duhu take ji. Da magariba sai ta rataye fitila babba a ƙofa, ta zauna tana sauraron motsi.

Wata rana masu nazarin sama suka hau dutsen da madubin hangen nesa. Shugabarsu ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Mama, hasken fitilarki yana hana mu gani. Ki kashe mana ita, za mu biya."

Ta murtuke fuska. Suka taya, ta ce albarka. Suka ƙara, ta ce albarka.

"Wai me kuke nema ne a sama, 'yar nan? Akuyarku ce ta ɓata?"

Shugabar ta nuna mata hoto: wani haske mai siffar ƙwai, da waɗansu kewaye da shi. Ta ce, "Garken taurari ne, can nesa ƙwarai. Duk tsofaffi ne, ya daina haifar sababbi."

"Tsohuwa ce ke nan irina. To, cikin wannan baƙin duhu, me ya hana ta ɓacewa?"

"'Yan'uwanta na kewaye, Mama. Suna jan juna."

Gwauruwa ta dubi hoton, ta dubi fitilarta. Rana tana faɗuwa.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Dutsen nan girman kai ne. Fitilar kuwa ita ce 'yar dabarar da kowannenmu ke korar tsoro da ita shi kaɗai, har ta hana shi ganin aikin Ubangiji. Wanda ya riƙe tsofaffin taurari cikin 'yan'uwansu, bai yi ka domin ka zauna kai kaɗai ba.

Gwauruwar dai ba ta saki ciniki ba. Ta ce, "Ku riƙe kuɗinku. Muddin fitilata tana kashe, ɗayanku zai zauna a tabarmata ya yi mini hira. Ranar da za ku tafi kuma, ku sauke mini kayana zuwa cikin gari. A haka na sallama."