Dalilin da Ya Sa Gawo Ke Tuɓe Ganyensa da Damina

Dalilin da ya sa kuke ganin gawo tsirara da damina, alhali kowace bishiya ta yi kore shar, ba taurin kai ba ne kamar yadda ake yi masa sharri. Alkawari yake riƙewa. Ku matso ku ji.

A da can, gawo da damina yake ganye kamar kowa. A zamanin akwai wani manomi a Tudun Makera mai suna Nomau. A garinsu, wanda ya bar ko ɗan tsiro a gona lokacin sassabe, rago ake ce masa. Sai a sare, a tara, a banka wuta, gona ta fito fes. Nomau ya fi kowa iya wannan ɓarna, har yana bugun ƙirji wai ko tsuntsu ba ya samun wurin sauka a gonarsa.

Da farko gero ya yi. Daga baya ƙasar da ya gada baƙa wuluk ta soma yin fari. Babu ganyen da zai faɗo ya ruɓe, babu saiwar da za ta riƙe ta, ruwa na zuwa sai ya kwashe ta ya zuba a kwari. Gero ya koma iya gwiwa, rumbu na ƙarewa tun kafin bazara.

Ran nan matarsa Tasalla ta ɗaure kayanta ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce, "Maigida, ƙasar nan ta mutu. In bana ma haka ne, sai mu bi yayana kudu. Yara ba za su ci yashi ba."

Maganar ta yi wa Nomau ciwo ƙwarai, don gonar ubansa ce, kuma bai san wata ƙasa ba sai ita. Ya saɓi gatari ya nufi gona yana huci. A tsakiya ya tarar da wani kututturen gawo da yake sarewa duk shekara ya sake tofowa.

Ya ce, "Kai ne ke cinye wa gerona abinci! Yau har saiwa zan tone ka."

Gawo ya ce, "Tone ɗin za ka yi, Nomau, amma da hannu. Duba gindina tukuna."

Nomau ya durƙusa ya tona. Sai ga ƙasa baƙa mai laushi, da danshi, har da tana. Ya miƙa hannu gefe ya damƙo, farin yashi ya zube ta tsakanin yatsunsa.

Gawo ya ce, "Ɗan ganyen da kake bari in yi ke nan. Abin da na sha a iska, da abin da saiwata ta jawo daga can ƙasa, a nan nake ajiye shi. Kai kuwa ci kawai kake yi, ba ka mayarwa."

Nomau ya sosa ƙeya. "Na ji. Amma in ka girma inuwarka za ta kashe gero."

Gawo ya ce, "To na bar maka damina. Ruwa na sauka zan zubar da ganyena, ƙasa ta ci, rana ta sami geronka. Da rani in yi ganye, dabbobi su sha inuwa su bar taki. Kai kuma ka ɗauke gatarinka daga kaina da 'ya'yana."

Nomau ya ce, "Ka tsaya tsirara lokacin da 'yan'uwanka ke ado?"

"Kai ma ragon da za a ce maka fa? Kowa ya ɗauki kunyarsa."

Haka kuwa aka yi. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai Nomau ya tsufa, gatari ya fi ƙarfinsa. Ya haɗiye. Da kaka ta zo, gonar ba ta yi abin kirki ba, sai dai geron da ke kewaye da gawon ya fi mutum tsayi. Tasalla ta je ta gani da idonta, ta ce, "A ƙara shekara ɗaya."

Awaki suka ci 'ya'yan gawo suka baza irin. Duk tsiron da ya fito, Nomau ya kewaye shi da ƙaya. Sannu a hankali baƙar ƙasa ta yi ta faɗi, daga gindin wannan ta haɗe da ta wancan. Masu dariya suka soma barin tsiro a gonakinsu, kowa na cewa ai mantawa ya yi. Tasalla kuwa ba wanda ya san ranar da ta kwance kayanta, sai dai aka ga tukwanenta sun koma kan murhu.

Shi ya sa har yau, ruwa na sauka gawo ke tuɓewa. In kun gan shi haka a gona, kada wani mai rawar kai ya ce ya bushe ya ɗauko gatari. Shi bai taɓa saɓa nasa alkawarin ba. Saura namu.