Rigar Ciyawar Labbo

A zamanin da Argungu da Birnin Kebbi ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, an yi wani maharbi a Zauro mai suna Labbo. Ya iya harbi, wannan babu mai musu. Aibinsa ɗaya, ba ya ƙaunar wani ya san abin da ya sani. Idan ya gano tafkin da dinya ke sauka, ko ƙanensa Arzika da suka fito ciki ɗaya ba zai ji a bakinsa ba.

Wata shekara tsuntsayen fadama suka yi wayo. Da sun hango mutum sai su tashi tun bai ɗaga bindiga ba. Labbo ya yi ta saƙawa da kwancewa har dabara ta faɗo masa. Ya je kasuwar Birnin Kebbi ya sayo tsofaffin buhunan algarara, ya roƙi yagaggen taru wurin wani masunci, ya shige ɗaki ya saki asabari. Ya ɗinka riga har ƙasa da hula mai kafar ido, ya lulluɓe su da tarun ya bi da basilla. Ya jiƙa su cikin laka da ruwan bagaruwa har suka koma launin ƙasar fadama. Da suka bushe, ya bi idon tarun yana cusa busasshiyar ciyawa. Don kada rigar ta zame idan yana jan ciki, ya sa mata igiyoyin rama a wuya da ƙugu da hannuwa, yana ƙulle su tam.

Ranar da ya gwada ta a tsakar gida, saura kaɗan matarsa Riskuwa ta yar da ƙwaryar hannunta.

"Maigida, wagga riga tsoro taka ba ni," in ji ta. "Ko Arzika dai ka hwaɗa mai inda kaka kwanciya, a san inda kake."

"In na hwaɗa mai, gobe Zauro duk ta ji," in ji Labbo. "Kak ki kuskura maganar ga ta hita gidan ga."

Riga kuwa ta yi aiki. Dinya ta riƙa kiwo a gaban hancinsa. Sauran maharba na dawowa hannu rabbana, shi yana shigowa gari da kaya niƙi-niƙi. In sun tambaye shi, sai ya yi murmushi ya ce sa'a ce.

Bayan an yanke shinkafa, wata hantsi ya kwanta cikin duhun ciyawar da ke gefen gonar Arzika, dab da wani tafki. Can sai ga Arzika ya zo ƙona wurin don ya gyara shi ya dasa albasa. Ya kewaya, ya duba, bai ga komai ba sai ciyawa. Ya ɗaga murya kamar yadda aka saba: "Akwai mutum ciki? Wuta za ni sawa!" Ya maimaita har muryarsa ta shaƙe.

Labbo ya ji shi sarai. Amma ga garken dinya yana sauka, kuma in ya miƙe asirinsa ya tonu. Ya ce a ransa, bari in yi harbi ɗaya, kafin wuta ta iso na sulale ta bakin ruwa. Ya yi gum.

Arzika ya cinna wuta, sai iska ta juya. Kafin ya saita bindiga, wuta ta kama gindin rigar. Ya zabura yana fizgar igiyoyi, ƙulli ya ƙi kwancewa. Albarushin da ke ƙugunsa ya tashi. Arzika ya ga tarin ciyawa ya miƙe tsaye yana ci da wuta, yana ihu da muryar wansa. Ya ruga ya ingiza shi cikin tafki.

Labbo ya daɗe kwance a asibiti a Argungu. Ya rayu, amma yatsunsa sun nannaɗe, ido ɗaya ya tafi. Arzika kuwa ya daina cin abinci, ya rame kamar shi ne majinyacin. Da aka sallamo Labbo, Arzika ya zo ya durƙusa gabansa yana hawaye.

"Yaya, ka gahwarta min. Wallahi na yi kira. Iska ta ɗauke muryata, ko?"

Labbo ya ce, "Na ji ka."

Arzika ya dube shi, ya share fuskarsa, ya tashi ya fita. Bai fasa nome masa gona ba, bai fasa aiko da hatsi ba, amma har Labbo ya koma ga Mahaliccinsa Arzika bai sake zama a ƙofar gidansa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, rowar sani da son a fi kowa ba sa kai mutum ko'ina sai ga nadama. Wanda ya ɓoye wa 'yan'uwansa inda yake, ya rufe ƙofar da taimako zai shigo masa. Kuma idan aka yi maka gargaɗi don tsiranka, ka amsa tun da wuri, domin shirun da kwaɗayi ya sa ka yi ba kai kaɗai zai cutar ba, har da masu ƙaunarka.