Malamin da ya ƙi a koya masa rabawa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauye ta wajen Gangara, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, na kwantiragi. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya, kuma ba tozarta shi na zo yi ba.

Mutumin nan ya daɗe riƙe da alli. Faransancinsa kamar ruwa, in yana magana sai ka buɗe baki. Amma akwai abu guda da bai iya ba: lissafin rabawa. Kowace shekara in an zo shafin, sai ya tsallake ya ce wa yara malamin gaba zai koya musu. Haka ya yi ta yi, ba wanda ya sani sai Allah.

Sai aka kira malaman kwantiragi zuwa garin Tanout a gwada su. Ya zauna, rabawa ta fito, ya faɗi. Aka ce za a sake ba su dama, wanda ya kuma faɗuwa ya ajiye alli.

To faɗuwa laifi ce? Wallahi ba laifi ba ce. Waye a cikinku bai taɓa faɗuwa ba? Laifin yana gaba, ku saurara.

Shugabar lakwal ɗin, Malama Kaltuma, ba ta kai shi shekaru ba. Ta same shi a keɓe ta ce, "Malam, in an tashi yara mu riƙa zama bayan la'asar. Abin ba shi da wuya, kafin jarrabawa ka iya."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ni? Da gemuna? Lokacin da na fara koyarwa ke kina ina? Takarda ce za ta faɗa mini ko ni malami ne?"

Kai jama'a! Ya bi kasuwar Falanko yana shelar hassada aka yi masa. Ya sayi littafi ya saƙale a hammata, duk inda ya je da shi, amma buɗewa, ina! Sauran da suka faɗi suna haɗuwa ranar Asabar suna bita, ya ce shi ba ya zaman ƙananan yara. Matarsa Nafisatu ta ce, "Maigida, don Allah ka je. Da allin nan muke ci." Ya daka mata tsawa, ya ce ya ci jarrabawar nan ya gama, su jira su gani.

Ranar ta zo. Ya shiga da sabuwar riga yana taƙama. Aka raba takardu, rabawa ta sake fitowa. Ya zauna gumi na zuba har aka ce a ajiye alƙalami.

Aka sallame shi. Kun zaci ya saduda? Da aka turo sabon malami, sai ya tashi da safe ya nufi lakwal, wai ajinsa ne, ba mai raba shi da shi. Malama Kaltuma ta tare shi a ƙofa ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ajin ba naka ba ne yanzu."

Ajin rumfa ce da aka kewaye da zana. Ya zagaya baya zai wuce, sai ya ji sabon malamin yana koya wa yara rabawa, suna amsawa baki ɗaya. Ya tsaya. Ya kara kunne jikin zana. Wani mai tallar goro ya ce da idonsa ya gan shi a tsugune, yana zana lambobi a ƙasa da yatsa, yana bin yaran a hankali. Kafin a fita hutun ƙarfe tara ya gane abin. Ya goge da ƙafa, ya tafi yana share ido.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan, ya 'yan uwa. Abin da safiya guda ta isa a koya, a kansa mutum ya rasa abincin iyalinsa, ya cuci 'ya'yan mutane shekara da shekaru. Ba rashin sani ne ya halaka shi ba, girman kai ne, wanda ya hana Iblis sujada.

Kai da ka faɗi kake shirin sake zama, kada kunya ta kama ka. Je ka ce ban iya ba, a koya mini, ko a gaban ɗan cikinka ne. Mai dariya ya yi ta yi.

Ya Allah, ka raba zukatanmu da girman kai, ka buɗe bakinmu da tambaya tun da sauran lokaci. Allah ya kiyaye mu, amin.